Baburan da Ba Su Bar Sawu Ba

Jiniya ta ɗauki kuka ana tsakiyar cin kasuwa.

Kafin Halimatu Sa'adiya ta dire ƙwaryar furar da ke hannunta, kasuwar Ɗantutture ta watse kamar shaho ya faɗo cikin 'yan tsaki. Masu wake suka bar buhuna baki buɗe, mahauci ya tsallake teburinsa da wuƙa a hannu, wata mata ta suri ɗan maƙwabciyarta ta bar nata yana tsala ihu.

"Ga su nan! Sun shigo!"

Ba wanda ya tsaya tambayar su wa. A ƙasar Kurfi in aka ce sun shigo, kowa ya san masu babura ake nufi, waɗanda ke fitowa daga daji su kore shanu su tasa mutane gaba.

Jama'a na kwararowa cikin gari, ita kuwa Sa'adiya ta kutsa ta inda suke fitowa, gyalenta a hannu, ta nufi ɗan ɗakin bulo da ke gindin dogon ƙarfe a bakin gari. Ita ta kafa ƙarfen nan. Malamar jami'a ce a Dutsin-Ma, 'yar garin ta wajen uwa, kuma ita ta ƙera radar da ke bisansa, na'urar da ke hango babur tun kunne bai ji ƙararsa ba. Ita ta dafa ƙirji gaban dattawa ta ce jiniyar nan ba za ta taɓa kuka a banza ba.

Ta banka ƙofa. Oga Simeon, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajensu, mutumin Filato da ya daɗe a Dutsin-Ma har Hausarsa ta koma ta Katsinawa, yana tsaye gaban allon kwamfuta, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Injiniya, zo ki gani! Yau kam sai Allah."

Ɗige-ɗige ne jajaye a jere, suna gangarowa daga kudu. Ta fizgi waya ta kira shugaban 'yan sa-kai.

"Ta hanyar rafi! Sun kusa tsallakewa!"

Ta taga ta hango su sun fita a guje da bindigogin toka, wasu ko takalmi babu. Ta dawo da ido kan allo. Ɗigon farko ya tsallake rafi. Ya ratsa gonakin dawa. Ya wuce daidai inda 'yan sa-kai suka yi kwanto, ba ta ji harbi ko ɗaya ba. Ya iso bakin gari, ya iso gindin ƙarfen, ya iso ɗakin da take tsaye.

Ta leƙa waje. Jaki ne kawai ɗaure a turke yana kaɗa kunne.

Da ta waiwayo, ɗigon ya ɓace, ya sake ɓullowa can ƙarshen allo, yana gangarowa kamar da farko.

"Oga Simeon," ta ce, "cire wayar jiniyar."

Shirun da ya biyo baya ya fi kukan ciwo.

*

Ƙofar gidan Maigari ta cika ta batse. 'Yan sa-kai sun dawo sun ce ko sawun taya ɗaya ba su gani ba. An kifar da rumfuna, awaki sun yi walima da hatsin mutane. Abin da ya fi muni, Inna Larai mai ƙosai ta faɗi a cikin turmutsitsi, tafasasshen mai ya sheƙa mata a ƙafa, an ɗora ta a amalanke an nufi asibitin Kurfi tana kiran sunan Allah.

Sa'adiya ta durƙusa a gefen tabarma. Maigari Tukur ƙanen mahaifiyarta ne, a cikin gida Kawu take ce masa, amma yau bai ko dubi inda take ba.

"Ɗiyar nan ta ce ba ta ƙarya!" wani ya ɗaga murya daga baya. "To wannan mi ne ne?"

"Boko kenan. Ta ga aljanu ta ce babura!"

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya. Munzali ya fito, shaddarsa na ɗaukar ido. Sa'adiya ta ji wani sanyi ya ratsa ta, don ga nata ya zo. Munzali ɗan Maigari ne, taubashinta, tare suka tashi, tare suka karanta aikin lantarki. Shi ya ɗaura mata ƙarfen nan da hannunsa kafin ya buɗe kamfaninsa na sola da kyamarori a Dutsin-Ma. Tun suna yara baiwa yake kiranta, yadda ɗan namiji ke tsokanar ɗiyar mace, ita kuma ta ce masa ubangidan da ba ya ciyarwa.

Ya faɗi ya gaida mahaifinsa, ya jajanta wa jama'a, sannan ya dube ta da fuskar tausayi.

"Ranka ya daɗe, a yi wa Sa'a uzuri. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma ni ma aikina ne, kuma gaskiya ɗaya ce. Irin wannan na'ura in ta fara gane-gane ba ta dainawa. Yau ƙafar Inna ce. Gobe 'yan sa-kai su buɗe wa masu dawowa daga gona wuta fa?"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Sa'adiya ta ɗago ta kafe shi da ido. Shi da ya ga gwajin farko ya yi ta tsalle kamar yaro, shi ke faɗin haka?

"Yaya Munzali, ka fi kowa sanin..."

"Na sani, baiwa. Shi ya sa nake faɗi." Ya yi ɗan murmushi. "Kuskure ba abin kunya ba ne."

Maigari ya gyara rawani. "Sa'adiya."

"Ranka ya daɗe."

"Kafin magariba a sauke ƙarfen nan. In kina da magana, ki kawo ta kafin lokacin. In babu, Allah ya saka da alheri, ki kwashe kayanki."

Kaka ta kama, wake na shanye a gonaki, lokacin da mutanen daji suka fi matsa wa gari lamba. In aka sauke ƙarfen, Ɗantutture za ta koma kwana da kunne ɗaya. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, ta ga idanun mutane, ta haɗiye.

*

"Ki sha ruwa, Injiniya," in ji Oga Simeon da suka koma ɗakin. "Ko kuka za a yi, sai da ruwa a jiki."

Ba ta karɓa ba. Ta ja kujera ta zuba wa allon ido. Ɗige-ɗigen na nan suna gangarowa, su ƙure, su sake somawa.

Aikin rada ba shi da wuyar faɗi. Kira take aikawa cikin iska, kiran ya bugi abu ya dawo, daga jinkirin dawowar ta san nisansa. Manyan na'urori tsawa guda suke bugawa, gajera mai ƙarfi. Tata kuwa da batirin sola take aiki, ba ta da wannan maƙogwaron. Sai Sa'adiya ta ba ta dogon kira marar ƙarfi, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, wannan a miƙe, wancan a kife, bisa wani tsari da ita ta zauna ta zuba. A jami'a kod suke ce masa. Ranar da ta yi wa dattawa bayani kuwa take ta kira shi, irin wanda makaɗi ke yi wa mutum guda, ko cikin hayaniyar biki mai shi ya ji ya miƙe.

Sauran rabin aikin na kunnen na'urar ne, wato filta. Duk abin da iska ta kwaso sai ya bi ta cikinta. In hayaniya ce, ta baje ta ta zama ba komai. In takenta ne ya dawo, sai ta tattaro gunduwoyin nan duka ta matse su wuri guda, dogon kira ya dunƙule ya zama tsini ɗaya siriri, shi ne ɗigo a kan allo. Wahalar da ta kusa zautar da ita duwatsun yankin ne. Amsar dutse ƙatuwa ce, in an matse ta sai ta bar geza hagu da dama, babur ya ɓuya a cikin gezar. Damina biyu ta ci tana gyara take tana gyara filta, kamar mai fiƙe maɓalli ya dace da kwaɗo, kafin gezar ta kwanta.

Don haka filtar nan ba ta amsa kiran kowa sai nata. To me take amsawa yanzu?

"Dubi tafiyarsu," ta ce a hankali. "Wanne ɗan babur ne zai shiga yashin rafi bai rage gudu ba? Waɗannan ko gargada ba sa yi."

"Halan 'yan fashin sun koyi fareti," in ji Oga Simeon.

Ta miƙe zumbur. "Kashe bakin. Ka bar kunnen."

"In ba mu yi kira ba, mi zai dawo?"

"Kashe dai."

Ya danna. Fitilar sashen aikawa ta mutu. Na'urar ta yi gum, ba ta fitar da komai. Amsar duwatsu ta ɓace daga allo, ta rumbuna ta ɓace, ta itatuwa ta ɓace.

Ɗige-ɗigen kuwa suna nan, suna ta gangarowa abinsu.

Oga Simeon ya dafe kai. "Yesu mai ceto."

"Ba amsa ba ce," ta ce. "Wani ne ke kaɗa takena. Agogonsa bai zo daidai da namu ba, shi ya sa ɗigon ke tafiya. Hau ka juya mini farantin da ke bisa ƙarfen, sannu-sannu, har in ce tsaya."

Ya hau tsani yana ƙorafin gwiwa. Ya juya gabas, tsinin ya ragu. Ya juya kudu, ya ɗan karkata, tsinin ya miƙe har ya bugi rufin allo.

"Tsaya! Ina ka kalla?"

"Tudun nan na hanyar Karofi," ya amsa daga sama. "Injiniya, wa da wa ke da kod ɗin nan?"

Kwamfutarta kaɗai ke ɗauke da shi. Mutum ɗaya ne kuma ya taɓa yini da kwamfutar, ranar da ya fizge ta daga hannunta a tsakar gidan mahaifiyarta yana dariya, wai zai kwafi karatun malamai, yana cewa kayan baiwa ai na ubangida ne. Har dukan wasa ta kai masa da mafici.

"Tada babur," ta ce.

*

Gonar wani attajiri ce a kan tudu, kewaye da waya, mangwaro a jere, shanu a can ciki. Tun daga nesa ta hango wani dogon ƙarfe da faranti irin nata. An shafe shi da shuɗin fenti, an manna tambarin kamfani, amma ko a mafarki ta san ƙirarta. Farantin bai kalli daji ba. Ɗantutture ya sa wa ido.

Farar motar na ƙarƙashin darbejiya. Mai gadi ya san Oga Simeon tun wani aikin rijiyar burtsatse, ya buɗe musu ba musu. Munzali na zaune kan benci da kwamfuta a cinya. Da ya gan ta sai da hular kansa ta motsa, amma nan take ya washe baki.

"A'a! Baiwa ta biyo ubangida har gona? Ina ruwan da kika kawo mini?"

"Kashe na'urar nan," ta ce.

"Ko gaisuwa babu? Oga Simeon, ka ga tarbiyyar 'yan boko."

Oga Simeon ya jingina da babur ya harɗe hannu.

"Munzali, na kashe bakin tawa, ɗigon bai tafi ba. Takena kake kaɗawa. Kashe ta."

Ya rufe kwamfutar, ya yi miƙa. "To, na ɗauka. Sai me? A gabanki na ɗauka, kina dariya. Kin zauna kan abu kamar kaza kan ƙwai, kin kai ƙauye kyauta ana sa miki albarka. Ni na fitar da shi inda za a san darajarsa. Da na gama zan zo miki da rabonki, wallahi."

"Rabona." Ta maimaita kalmar kamar mai tauna tsakuwa. "Bar wannan. Mai gonar nan daji yake tsoro, ba kasuwa ba. Me ya sa farantinka ke kallon gari?"

Ya ɗauke kai ya dubi shanu.

"Bari in faɗa maka," ta ce, ta matso. "Ka kunna taka, filtarka ta ji kiran tawa, don take ɗaya ne. Allonka ya cika da baburan ƙarya. Ko ba haka ba?"

Mai gadin da ke tsaye a gefe ya kasa riƙe bakinsa. "Wallahi Hajiya, mun sha harbin iska. Alhaji har ya ce in ba a gyara ba a zo a tumɓuke."

"Kai, koma bakin ƙofa!" Munzali ya daka masa tsawa.

"Ka iya ɗaure ƙarfe, ka iya jan waya," Sa'adiya ta ci gaba, "amma ba ka iya zuba sabon take ba, balle filtar da za ta dace da shi. Makaɗa biyu, take ɗaya, dole ɗaya ya ajiye ganga. Sai ka jira ranar kasuwa ka juya wa gari faranti. Sannan ka sa shadda ka zo kana ba ni uzuri."

"Tsoro kawai na so su ji! Su sauke taki, shi kenan. Ina na san Inna Larai za ta faɗi?"

"Ita ta goye ka lokacin da mahaifiyarka ke jinya."

"Na sani!"

"Garin ubanka ne, Munzali. Wake na gona. Ka yarda su kwana ba ido don gonar wani ta kwana da ido?"

Wata saniya ta yi kuka a can ciki. Sai Sa'adiya ta fito da abin da ke cin ta a rai.

"Da ka tambaye ni, da na zuba maka naka. Wanda ba zai ji nawa ba, nawa ba zai ji shi ba. Da na yi maka, wallahi, ko godiya ba sai ka yi ba."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Ni in roƙi baiwa?"

Ta dube shi. Duk tsawon rayuwarsu tana jin kalmar nan tana mayar da martani, a gidan biki, a gaban baƙi, a ranar da ta karɓi digiri. Yau ne kawai ta ji yadda take fita daga bakinsa in ba a yi dariya ba.

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton ƙarfen, ta ɗauki farantin, ta ɗauki tambarin. Ya taso da sauri ya sha gabanta.

"Sa'a, tsaya. Kin san 'yan sa-kai. In suka ji, ba za su tsaya tambaya ba. Ga Baba, da wanne ido zai dubi mutane? Ki ce na'ura ce ta samu matsala. Ki bari su sauke, in an kwana biyu mu gyara tare, sunanki a gaba. Haba, taubashiya. Wasa ne ya yi tsami. Kin taɓa jin inda aka kai taubashi ƙara?"

"Je ka Kurfi ka gaya wa Inna wasa ne."

Oga Simeon ya taka ya isa akwatin batir, ya kama babbar waya ya finciko ta. Fitilun ƙarfen suka mutu.

"Malam Munzali," ya ce, "mu ma a wajenmu akwai wasa tsakanin dangi. Amma mu kan tsaya in mun ga jini."

*

Rana ta yi ja lokacin da suka iso. Samari sun riga sun ɗaura igiya a jikin ƙarfen, Maigari da dattawa na tsaye suna jira. Sa'adiya ta sauka daga babur. Tun daga tudu take juya maganar. Tana iya cewa wani kamfani ne, ta bar sunan. Amma tambarin na cikin hoto, kuma garin da aka yi wa ƙarya da rana bai cancanci rabin gaskiya da yamma ba.

"Ranka ya daɗe, a shigo a gani."

Suka cika ɗan ɗakin, sauran suka yi cincirindo a taga. Ta nuna musu abin da kwamfuta ta adana, ɗige-ɗige na tafiya alhali bakin na'ura a kashe. Ta nuna musu allon yanzu, fes, ga duwatsu, ga rumbuna, ga wani mai keke yana dawowa daga rafi, ɗigonsa na tangaɗi. Wani yaro ya leƙa ya ce wallahi ga shi can. Sannan ta yi musu bayanin makaɗi na biyu.

"Wa ne ne?" in ji shugaban 'yan sa-kai, ya gyara riƙon bindiga.

Ta miƙa wa Maigari wayar da hannu biyu.

Ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto da ita. Bai iya boko ba, amma ya san tambarin, don yana manne a ƙofar motar da ke kai shi sallar Juma'a. Ya daɗe yana kallo.

"Munzali ne," ya faɗa da kansa, da ƙarfi yadda na taga za su ji.

Salati ya tashi. Wasu samari suka juya za su nufi babura.

"Wanda duk ya taka hanyar Karofi, ni da shi ne!" Maigari ya buga sanda. "Ni na haife shi, ni zan kai shi gaban hukuma da hannuna. Jinyar Larai kuma tana wuyana." Ya numfasa, ya juyo. "Sa'adiya."

"Kawu." Bakinta ya suɓuce, ba ta gyara ba.

"Kin wanke kanki. Amma ina tambaya. Wanda duk ya mallaki taken nan, shina iya sa ta kuka daga nesa?"

Ta so ta ce a'a. "Yana iyawa."

"Kin san hannu nawa ya shiga?"

"Ban sani ba."

"To a kwance igiya, ƙarfe ya tsaya. Amma jiniya ba ta ƙara kuka a garin nan sai kin zuba sabon take, wanda daga ke sai Allah. Ko ni kada ki gaya mani. Yaushe za ki gama?"

Ta tuna damina biyu da gezar duwatsu. Yanzu ta san hanya, amma ba aikin kwana ɗaya ba ne.

"Kafin a gama sussuka, in Allah ya yarda. Kafin nan mu riƙa gadin allon da ido, ni da Oga Simeon."

"Allah ya yarda," in ji shi. Ya juya ya tafi, bai bari kowa ya riƙe masa sanda ba. Daga baya ta ga kamar tsufa ya hau shi a yini guda.

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu na ce mata sannu, wasu na sunkuyar da kai. Oga Simeon ya shiga naɗe igiya. Ita kuwa ta zauna a bakin ƙofa, ta ciro wayarta, ta ga kiran Munzali jere a kai. Ta kife ta a cinya. Ta yi nasara, amma ji take kamar wadda aka yi wa fashi aka bar mata takalmi.

Ƙarar babur ta sa ta ɗago. Sabo ne dal, ledar kujera ma ba a cire ba. Mai shi ya kashe shi a gindin ƙarfen, ya sauka a natse. Dogo ne, farar riga tas, amma takalminsa ya sha jar laka, irin wadda babu ita a gonakin nan sai can cikin daji. Ba ta taɓa ganinsa ba. Oga Simeon ya daina naɗe igiya.

"Salamu alaikum. Ke ce Injiniya Halimatu?"

"Wa ke tambaya?"

"Baƙo ne." Ya ɗaga kai ya ƙare wa farantin kallo, kamar mai taya sa a kasuwa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan filashi na kwamfuta, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu. "Munzali ya ba mu wannan tun kafin a yanke gero. Mai sa na'urarki kuka ne. Amma masu gidana ba kuka suke so ba. Wanda zai rufe mata ido suke so, ya ce wannan sai ke."

Ta miƙe tsaye a hankali, bayanta ya jingina da ƙofa.

Baƙon ya yi murmushi, ya mayar da filashin aljihu.

"Na biya ta gidanku a Dutsin-Ma da azahar," ya ce. "Hajiya mahaifiyarki ta ba ni ruwa mai sanyi. Ta ce in gaishe ki."